Daga Rabon Gado zuwa Lamba Mai Alƙaluma Miliyan 41: Tarihin Lambobin da Ba Sa Rabuwa



A watan Oktoba na shekarar 2024 wani Ba'amurke mai suna Luke Durant ya gano wata lamba da ta zarce duk wadda aka taɓa sani a cikin jinsinta. Lambar tana da alƙaluma 41,024,320. Idan mutum ya zauna yana rubuta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya kwana 474 bai gama ba. Idan kuma kowane alƙalami ya ci rabin santimita, aka jera su a layi guda, tsawonsu zai kai kilomita 205, wato ya kusa tsawon layin dogon da ya taso daga Kano ya iso Nguru a 1930. Abin da ya sa duniya ta yi ta maganar lambar shi ne, duk girman nan nata, babu wata lamba da za ta raba ta daidai ba saura, in ban da 1 da ita kanta.

Da yawa daga cikinmu za su ce wannan ai wasan Turawa ne da suka ƙoshi. Mu dai ba mu yarda ba. Ilimin da ya haifi wannan lamba ya daɗe a zaurukan malamanmu na Nguru da Gashuwa, sai dai da wani suna ake kiransa, kuma a kan dukiyar marayu ake aiki da shi.

Mu fara da kasuwa. Mai buhu 12 na gero yana iya raba su ga mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, kowa ya ɗauki nasa ba tare da an kwance bakin buhu ba. Mai buhu 13 kuwa ya shiga uku: ko ya ba mutum ɗaya duka, ko ya nemo mutum 13, in ba haka ba dole a fito da mudu. Irin su 13 ɗin nan su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23 da sauransu. Malaman lissafi na makarantun boko suna ce musu furayim. Littattafan hisabi na Larabci suna cewa adadi awwal, wato lambar tushe, domin kowace lamba daga gare su aka gina ta: 12 ba komai ba ce illa 2 sau 2 sau 3, kuma babu wata hanya ta biyu da za a gina ta. Mu a nan za mu kira su gagara-rabo. Ƙananan hukumomin Jihar Yobe ma 17 ne, shi ya sa ba a iya raba su daidai tsakanin shiyyoyin sanata uku.

Harshenmu da kansa yana ɗauke da alamar wannan. Muna da rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushuri, in ban da rabi duk aro ne daga Larabci. Daga ushuri sunaye suka ƙare. Kashi ɗaya cikin 11 ba shi da suna, sai dai a yi masa dogon bayani. Masana hisabi na Larabawa suna kiran irin su 11 da 13 da 17 asammu, wato kurma, lambar da duk sunan kason da ka kira mata ba za ta amsa ba.

Inda kuramen nan suka fi ba malamai aiki shi ne gado. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin fara'ili a Risala ta Ibn Abi Zaid, ko ya kai ƙarshen Mukhtasar na Khalil, ya san cewa kasonnin da Alƙur'ani ya yanka shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Malami yakan nemo lamba guda da duk kasonnin magada za su fita daga cikinta, ita ake kira asalin mas'ala. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da sumuni, don haka asali 8 ne. Ta ɗauki 1, saura 7. 'Ya'yan kuma kawuna biyar ne, tunda kowane namiji yana da rabon mata biyu. To, yaya za a raba 7 ga kawuna 5? A nan ne malami zai dubi lambobin biyu ya tambaya: mene ne tsakaninsu?

Malaman fara'ili sun kasa dangantakar kowace lamba biyu gida huɗu. Ko dai su zama iri ɗaya, shi ne tamasuli. Ko ƙaramar ta shige cikin babbar daidai, kamar 3 da 6, shi ne tadahuli. Ko wata lamba ta uku ta raba su duka, kamar yadda 2 ke raba 4 da 6, shi ne tawafuƙi. Ko kuma a rasa abin da ya haɗa su sai 1 kaɗai, shi ne tabayuni. To 7 da 5 tabayuni ne, saboda haka ba makawa sai an buga asalin duka da 5. Mas'ala ta koma 40: matar ta sami 5, kowane ɗa namiji 14, 'yar kuma 7. Da mamacin bai bar ɗa ba, ya bar mata da 'yan uwa maza shaƙiƙai shida, da matar ta ɗauki rubu'i, 1 cikin 4, saura 3 ga mutum shida, kuma tunda 3 tana raba su duka, buga asali da 2 ya wadatar, mas'ala ta tsaya a 8.

Hanyar da malamai ke bi su gane tabayuni ita ce su riƙa cire ƙaramar lamba daga babbar, sannan su cire saura daga ƙaramar, haka dai har abin ya ƙare. Idan 1 ce ta rage a ƙarshe, babu abin da ya haɗa su. Wannan hanya ita ce ainihin wadda Iƙlidis, masanin Girka da ya zauna a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya buɗe littafi na bakwai na babban aikinsa da ita. Yau ɗaliban kimiyyar kwamfuta a ko'ina cikin duniya suna koyonta da sunansa. Dattijon da ke rabon gado a unguwa yana yin ta da yatsa a kan rairayi.

Akwai kuma auli, lokacin da kasonnin suka fi ƙarfin asali. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan uwa mata shaƙiƙai biyu: mijin yana da rabi, su kuma sulusi biyu. A cikin 6, wannan 3 ne da 4, jimla 7. A zamanin Sayyidina Umar aka daidaita a kan a ɗaga asalin zuwa 7, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Asalin 12 yakan hau zuwa 13 ko 15 ko 17. Akwai wata mas'ala da ɗalibai ke jin daɗinta, wadda ake kira Ummul Aramili: mutum ya bar mata uku, kakanni mata biyu, 'yan uwa mata huɗu na wajen uwa, da shaƙiƙai mata takwas. Mata 17 ke nan, mas'ala ta hau zuwa 17, kowace ta tashi da kaso ɗaya cif. Da dinari 17 ya bari, kowace dinari guda. Amma a yawancin lokuta hawa zuwa 7 ko 13 ko 17 yana nufin gona ko gida ko garke ba zai rabu da ido ba, sai an yi masa kuɗi an raba kuɗin. Rigimar gado da yawa da muke gani a kotunan shari'a daga nan take farawa, don magadan suna zaton an cuce su, alhali lambar ce ba ta rabuwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ɗaliban kwalejin shari'a da ke Nguru su riƙe lissafi da hannu biyu.

Ta yaya ilimin ya zo mana? An fassara littafin Iƙlidis zuwa Larabci a Bagadaza tun zamanin Haruna Rashid. A cikinsa akwai hujjar da har yau ba ta tsufa ba, cewa gagara-rabo ba su da ƙarshe. Ka ce ka tattara su duka. To, buga su da juna, ka ƙara 1. Duk wadda ka ɗauko cikin jerinka ka raba sabuwar lambar da ita, 1 za ta rage. Ke nan ko sabuwar gagara-rabo ce, ko akwai wata da ke raba ta wadda ba ta cikin jerinka. Ko ta yaya, ba ka tattara duka ba. Don haka lambar Durant ita ce mafi girma da aka gano, amma akwai waɗanda suka fi ta ba iyaka.

Malaman Musulunci ba su tsaya a fassara ba. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara wajen shekarar 820, ya ba da babban kaso na littafin ga matsalolin wasiyya da gado. Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, ya yi aiki a kan abin da ake kira lambobi masoya. Ka ɗauki 220, ka tara duk lambobin da ke raba ta: 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55 da 110, za ka sami 284. Ka yi wa 284 haka: 1, 2, 4, 71 da 142, sai ga 220 ta dawo. Sabit ya gano cewa sirrin yana cikin gagara-rabo uku, 5 da 11 da 71, domin 220 ita ce 4 sau 5 sau 11, ita kuma 284 ita ce 4 sau 71. Ya kafa ƙa'ida a kan haka. Da ƙa'idarsa aka samo 17,296 da 18,416, waɗanda Kamaluddin al-Farisi ya rubuta tun farkon ƙarni na 14. Bafaranshe Fermat ya sake gano su a 1636, aka daɗe a Turai ana ɗauka shi ne na farko. Haka ta faru da Ibn al-Haisam, wanda wajen shekara ta 1000 ya yi aiki da wata alama ta gane gagara-rabo: ka buga duk lambobin da ke ƙasa da ita da juna, ka ƙara 1, idan ta raba abin da ya fito to ita ce. Ga 7, bugun 1 zuwa 6 ya ba da 720, da 1 ya zama 721, wato 7 sau 103. Yau littattafai suna kiran wannan da sunan wani Bature ɗan Ingila, Wilson, wanda aka buga shi da sunansa a 1770.

A Marrakesh, Ibn al-Banna, wanda ya rasu a 1321, ya koyar da hanyar tace lambobi da ake kira girbal, wato rariya: a jera lambobi, a zubar da duk wadda 2 ke rabawa, sannan 3, sannan 5, abin da ya tsaya a rariya shi ne gagara-rabo. Ya kuma nuna ba sai an wahala an gwada duka ba. In kana binciken 97, da ka wuce 7 ka gama, don 11 sau 11 ta riga ta zarce ta. Littattafan fiƙihun Malikiyya da na hisabi na Magrib da Masar sun bi ayarin fatake da alhazai suka shigo ƙasar Hausa da Barno. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15 kuma ya zauna hedkwatar Barno har 1808, kufansa na nan cikin Jiharmu ta Yobe, gabas da Gashuwa, kuma ya shahara da malamai. Nguru kuwa ita ce mazaunin Galadiman Barno, mai tsaron yammacin daular, inda hanyar Kano da Katsina ta shigo.

A wannan duniya ta ayari da tsangaya aka haifi mutumin da ya kamata kowane ɗalibinmu ya san sunansa: Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wato Bakatsine. Ya yi karatu a ƙasarmu, kuma ana ambaton Muhammad al-Wali na Bagarmi cikin malamansa. Ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar Abdurrahman al-Jabarti, kuma a can ya rasu a 1741. Ɗan mai masaukin nasa ya sanya tarihinsa cikin manyan malaman zamanin. Wajen 1732 ya kammala Bahjat al-Afaƙ, littafi a kan ilimin haruffa da aufaƙi, kuma akwai kwafin rubutun hannu na aikinsa a ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan.

Aufaƙi shi ne abin da muke kira hatimi. Mun san malamanmu sun saɓa a kan hukuncin amfani da hatimi wajen neman biyan buƙata, kuma wannan shafi ba wurin yanke wannan hukunci ba ne. Abin da ya dame mu shi ne lissafin da ke ciki, wanda babu saɓani a kansa. Hatimi mai gida uku-uku yana ɗaukar 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, ya ba da 15. Mai gida biyar-biyar yana ɗaukar 1 zuwa 25 ya ba da 65. Mai bakwai-bakwai ya ba da 175. Al-Kashinawi ya bayyana hanyoyin cika hatimai masu gidaje mara, irin su 3, 5, 7 da 9, ba da lalube ba, da ƙa'idar da za ta yi aiki komai girman hatimin.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masu wannan fanni suka sani ita ce tafiyar doki, kamar yadda doki ke tsalle a wasan shaɗaranji, wanda fadar Barno ma ta san irin nata: gida biyu gaba, ɗaya gefe, ka ajiye lamba ta gaba, in ka faɗa waje ka shigo ta ɗaya ɓangaren. A hatimi mai gida 5 ko 7 ko 11 ko 13, wannan tafiya tana ba da cikakken hatimi wanda har karkatattun layukan da suka karye suka zagayo suna ba da jimla ɗaya. A mai gida 9 ko 15 wannan cikar ba ta samuwa. Dalili shi ne tsallen dokin yana haifar da tazarar 2 da ta 3, don haka dole yawan gidajen ya zama tabayuni da su biyun. Tara da 15 suna da 3 a cikinsu. Kowace gagara-rabo daga 5 zuwa sama kuwa ta tsira. Ga tabayunin rabon gado ya sake ɓullowa a wani ɗaki.

Reshen da ya kai ga lambar 2024 shi ma daga Iƙlidis ya tsiro. Ka riƙa ninka 2, kana cire 1: za ka sami 3, 7, 15, 31, 63, 127. Wasu gagara-rabo ne, wasu ba su ba ne. Iƙlidis ya nuna duk lokacin da aka dace da gagara-rabo, tana haifar da kammalalliyar lamba, wadda masu raba ta ke taruwa su ba da ita kanta, kamar 6 da 28 da 496 da 8,128. Wani limamin Kirista Bafaranshe, Marin Mersenne, ya fitar da jerin waɗanda yake ganin gagara-rabo ne a 1644, shi ya sa ake kiran wannan dangi da sunansa. Sharaɗin farko shi ne yawan ninkin shi ma ya zama gagara-rabo, amma hakan bai isa ba: ninki 11 yana ba da 2,047, wadda ita ce 23 sau 89. Euler ya tabbatar da 2,147,483,647 a 1772. A 1876 Édouard Lucas ya tabbatar da ta ninki 127, mai alƙaluma 39, da hannu, kuma har yau ba wanda ya wuce shi ba tare da na'ura ba. Mersenne ya sa ninki 67 a jerinsa, ashe ba ta ciki. A 1903 Frank Cole ya tsaya gaban taron masana a New York ya buga 193,707,721 da 761,838,257,287 a kan allo, lambar ta fito daidai. Daga 1952 kwamfuta ta karɓi aikin, a 1996 kuma aka kafa wani aikin gayya ta intanet mai suna GIMPS, inda kowa ke ba da aron kwamfutarsa. A cikinsa Durant ya yi aiki. Lambarsa ita ce 2 da aka buga da kanta sau 136,279,841 aka cire 1, kuma ita ce ta 52 da aka sani a dangin Mersenne.

Gaskiya ita wannan ƙatuwar ba ta da wani aikin yi a yau. Ƙannenta ne ke aiki, kuma a aljihunmu. Buga 89 da 97 abu ne mai sauƙi, 8,633 ne. Amma a ba ka 8,633 a ce ka nemo iyayenta, sai ka yi gumi. A 1977 masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka gina makullin sirri a kan wannan bambanci. Ana ɗauko gagara-rabo biyu, kowace mai alƙaluma wajen 300, a buga su, a bayyana sakamakon ga kowa, a ɓoye iyayen. A 2020 wasu masana suka fasa lamba mai alƙaluma 250 irin wannan, kuma aikin ya ci abin da ya kai shekara 2,700 na aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta guda. Ɗan guntun ƙarfen da ke jikin katin banki yana amfani da irin wannan makulli wajen shaida wa na'urar POS cewa shi na gaske ne. Wajen ƙera makullin kuwa dole a zaɓi lambobi biyu da ke tabayuni, kuma da hanyar nan ta cire ƙarama daga babba ake tabbatarwa. Mai sayar da kifi banda a Gashuwa da dillalin shanu a kasuwar Nguru suna dogara da ita kullum.

Abin da ke ba mu takaici shi ne yadda muka raba gida biyu. Yaron boko yana gudun lissafi, ga shi kuma sai da kiredit a cikinsa ake shiga yawancin kwasa-kwasan jami'a, har da Jami'ar Tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013. Almajirin zaure yana iya warware mas'alar da ta hau 27, amma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da yake yi yana da kujera a jami'a. Da malamin lissafi a sakandare zai fara darasin gagara-rabo da mata 17 da dinari 17, muna ganin ajin ba zai yi barci ba.

Ga wanda ke son gwada rariyar Ibn al-Banna: 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, tana kama da gagara-rabo amma 11 sau 181 ce. Shekarar Hijira ta 1447 kuwa gagara-rabo ce. Haka 2027 da 2029, waɗanda 2 kawai ke tsakaninsu, irin waɗanda ake kira tagwaye, kamar 11 da 13. Ko tagwayen nan suna da ƙarshe ko ba su da shi, har yau babu wanda ya kawo hujja.